Wutsiyar Ƙaramin Jirgi Mai Saukar Ungulu da Iskar Alsawra

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi jirgi mai saukar ungulu yana wucewa, babbar farfelar da ke bisa kansa ita ce ke fara ɗauke masa hankali, domin ita ce mai ƙara, ita ce kuma mai ɗaga nauyi. Ƙaramar nan da ke can ƙarshen wutsiya kuwa, ba kasafai ake kula da ita ba, alhali da za ta tsaya na ƙiftawar ido, da jirgin ya kama juyi a wuri ɗaya har ya faɗo. Wannan hukunci bai bambanta tsakanin babban jirgin soja da ƙaramin nan da ake sarrafawa da rimot daga ƙasa ba, sai dai ma a ce a ƙaramin lamarin ya fi tsanani, saboda rashin nauyinsa yana sa ya juya da saurin da idon mutum da yatsansa ba su iya bi.

Mas'alar ta cancanci a zauna a kanta domin samarin Alsawra musamman. Wannan unguwa ta arewacin birnin Omdurman a ƙasar Sudan, mai sassa masu lamba da manyan tituna uku, na Wadi da na Nus da na Shangiɗi, tana kan hanyar da ta nufi duwatsun Karari da sansanin jiragen sama na Wadi Sayyidna, saboda haka yaron da ya tashi a cikinta ya saba da ganin jiragen Mi-17 da Mi-24 ƙirar Rasha suna ratsa samaniya. A wannan yankin ne kuma aka kafa masana'antar jirage ta SAFAT, wadda ta haɗa ƙaramin helikwafta mai kujera biyu, SAFAT 02, bisa tsarin AK1-3 na ƙasar Yukren. Ba abin mamaki ba ne idan sha'awar wannan fanni ta kama zuciyar ɗalibi, Bahaushe jikan mahajjatan da suka yada zango a bakin Nilu ko maƙwabcinsa Balarabe, ya sami ɗan jirgi a kwali daga Dubai ko Sin, ya buɗe littafin bayaninsa, ya tarar an rubuta shi ne domin mutanen ƙasashe masu sanyi da laima, waɗanda ba su san zafin watan Mayu ba balle guguwar ƙurar nan da ake kira habub.

Asalin al'amarin ƙa'ida ce da Ishaƙu Newton ya bayyana a littafinsa na 1687, cewa babu wani ƙarfi da zai tura abu face abin ya mayar da turi daidai da shi ta fuskar da ke kishiya. Kafintan da ke huda katako mai tauri da injin huda ya san wannan a wuyan hannunsa, don kuwa a lokacin da bakin injin ke juyawa dama, jikin injin ƙoƙari yake ya murɗe masa hannu zuwa hagu. Haka injin jirgi yake yi: yana juya babbar farfela, ita kuma tana neman juya gangar jirgin ta ɗaya ɓangaren, kuma a sarari babu ƙasa da za a dogara da ita. Masu ƙira sun daɗe suna fama da wannan illa. Boris Yuriyev na Rasha ya kawo shawarar ƙaramar farfela a wutsiya tun wajen 1911, amma sai a hannun Igor Sikorsky ta tabbata, wanda jirginsa VS-300 ya fara ɗagawa daga ƙasa, yana ɗaure da igiyoyi, ran 14 ga Satumba 1939 a Amurka, bai kuwa tsaya a kan farfelar wutsiya guda ɗaya tak ba sai a ƙarshen 1941, bayan gwaje-gwaje masu yawa. Ƙaramin nan na rimot ya jira har 1970, lokacin da injiniyan nan Bajamushe Dieter Schlüter ya tashi nasa na kusan minti 28, ba tare da wata na'ura mai taimaka masa wajen riƙe wutsiya ba sai yatsunsa.

Galibin ƙananan jiragen nan, idan aka dube su daga sama, babbar farfelarsu tana bin hannun agogo ne, kamar dai jiragen Rasha da na Faransa, saɓanin na Amurka. Ma'anar wannan ita ce hancin jirgin kullum yana son karkata hagu, wutsiya kuma ta fita dama, don haka aikin farfelar wutsiya shi ne ta riƙa tura wutsiyar hagu gwargwadon da zai soke wancan murɗi, ba ƙari ba ragi. Wahalar ita ce murɗin ba ya zama a kan miƙidari ɗaya. Da zarar matuƙi ya ƙara wa manyan fukafukai kusurwa domin jirgin ya hau, murɗi ya ƙaru. Da ya rage, ya ragu. Iska ta buso daga gefe, lissafi ya sauya. Akwai kuma wani reshe na wannan da ke ruɗa mai koyo: tun da wutsiya tana turi zuwa hagu, jirgin duka yana son zamewa hagu, saboda haka ba zai tsaya cak a sarari ba sai ya ɗan jingina dama. Mai koyo da yawa yakan ga wannan jingina ya zaci aibi ne, ya shiga kwance abin da yake daidai.

Abin da nake so in tsaya a kansa, wanda kuma a ganina shi ne ginshiƙin mas'alar duka, shi ne tartibi. Malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa sharaɗi yana gabatar abin da aka sharɗanta, kuma reshe ba ya inganta idan asali ya ɓaci. A wutsiyar jirgi, ƙarfe da bel da boris su ne asali, na'urar lantarki kuwa reshe ce. Wannan na'ura, wadda ake kira jairo, tana jin motsin jirgi idan ya fara juyawa, sai ta umarci ɗan injin tuƙi, watau sarbo, ya gyara kusurwar fukafukan wutsiya tun kafin matuƙi ya farga. Na farko-farkonta ƙaramin faifai ne mai juyawa a cikin akwati. Daga baya, cikin shekarun 1990, aka koma ga na lantarki tsantsa, sa'an nan a ƙarshen waɗannan shekaru kamfanin CSM na Ingila ya fito da mai riƙe alƙibla, kamfanin Futaba na Japan kuma ya bi da GY401 wadda ta game duniya. Yau an haɗe jairon wutsiya da na babbar farfela a akwati guda, irin su VBar da Microbeast na Jamus. Sun ƙware ƙwarai, kuma ƙwarewar tasu ita ce fitinar, domin suna iya rufe aibin ƙarfe na wani lokaci, jirgi ya tashi kamar lafiya lau, alhali sarbo yana can yana wahala, yana zafi, har ranar da zai gaza a sama.

Saboda haka a fara da cire wayoyin babban moto, ko a zame giyarsa, domin kada farfela ta tashi a fuskar mai gyara. Wannan farilla ce, ba mustahabbi ba: a watan Satumba na 2013 wani saurayi ɗan shekara 19, gwani a wannan wasa, ya rasa ransa a birnin Niyok lokacin da fukafukan jirginsa suka same shi a ka. Bayan haka a cire sandar turi daga hannun sarbo, a tura ta da yatsa gaba da baya. Wajibi ne ta tafi sumul, zoben da ke zamewa a kan sandar farfela ya bi ta ba tare da cijewa ko sassarfa ba. Idan ta cije a wani wuri, a nemi illar, ko maƙallan da ke riƙe sandar a jikin bututun wutsiya ba su daidaita a layi ɗaya ba, ko an ɗaure wani noti fiye da kima, ko sandar farfelar ta ɗan lanƙwashe daga wata faɗuwa. A duba boris ɗin da ke cikin mariƙan fukafukai, musamman masu ɗaukar ja, waɗanda faifansu mai faɗin rami shi ne ke fuskantar ciki. Idan aka juya su, a hannu ba za a ji komai ba, sai farfela ta ɗauki gudu sa'an nan su ƙage. Gudun kuwa ba kaɗan ba ne, don farfelar wutsiya tana juyawa ninki huɗu zuwa biyar na babbar, ta yadda a jirgi na ajin girman da ake kira 450, wanda babbar farfelarsa ke yin kimanin juyi 3,000 a minti, ta wutsiya takan haura 12,000. Duk kusar da ke shiga ƙarfe a sa mata ɗigon maganin ɗaure zare. Fukafukan kuma a ɗaure su daidai da juna, da ƙarfin da za su iya motsawa idan an taɓa su amma ba su yi lako-lako ba, a tabbata kaifin gabansu yana fuskantar inda suke juyawa, wanda a yawancin ƙira shi ne fiffiken da ke kusa da gangar jirgi ya riƙa hawa sama.

Daga nan sai sarbo. Kafin a jona shi, a san irinsa, domin akwai masu karɓar saƙo mai tsawon 1520 na ma'aunin maikurosakan, akwai masu 760, kuma idan aka gaya wa jairo wani iri alhali wani ne a jone, ko aka aika wa sarbo na da saƙo mai saurin da sai na dijital ke ɗauka, yana iya ƙonewa nan take. Idan ya tsaya a tsakiyarsa, a sa masa hannu yadda zai yi kusurwa 90 da sandar turi, domin tafiyarsa dama da hagu ta zo daidai. Nisan ƙwallon da ke kan hannun daga tsakiya shi ma yana da hukunci: in ya yi nisa, sanda tana sauri amma ƙarfi da daidaito sun ragu, in ya yi kusa, ƙarfi ya samu amma tafiya ta gajarta. A bi abin da maƙerin jirgin ya ambata. Sa'an nan a daidaita tsawon sandar yadda, sarbo yana tsakiya, fukafukan wutsiya suna da 'yar kusurwa ta digiri kaɗan zuwa ɓangaren da ke yaƙi da murɗi. Wasu na zamani suna cewa wannan ba dole ba ne tun da jairo zai nemo wurin da kansa, kuma gaskiya ne zai nemo. Amma ni ina tare da mazhabar dā, domin jirgin da ƙarfensa ya daidaita tun asali, tsayawarsa bayan juyi dama da bayan juyi hagu takan zo iri ɗaya. Bayan wannan a sa iyakokin tafiya a cikin jairo, kowane gefe dabam, a tsayar da zoben gab da ya taɓa ƙarshe. Sarbo mai gurnani a ƙarshen tafiyarsa yana faɗa ne da ƙarfe.

Akwai gwaji biyu da ba a tashi sai an yi su, kuma sau da yawa ana rikita ɗaya da ɗaya. Na farko na matuƙi ne: idan ya tura sandar rimot dama, fukafukan wutsiya su karkata yadda hancin jirgi, ba wutsiyarsa ba, zai tafi dama. Na biyu na jairo ne: a ɗauki jirgin a hannu, a fizgi hancinsa hagu, a duba zoben, lalle ne ya motsa ta fuskar da ya motsa lokacin da aka ba da umarnin dama, watau jairo yana yaƙi da motsin. Idan ya bi motsin maimakon ya yaƙe shi, to da zarar ƙafafun jirgin sun bar ƙasa zai kama juyi kamar an murza shi, kuma babu yatsan da zai cece shi. Na farko yana iya zama daidai alhali na biyu a juye yake, shi ya sa ake yin kowanne da niyyarsa.

Jairo yana aiki a ɗayan hali biyu. A hali na farko birki kawai yake yi, yana rage saurin juyi amma ba ya tuna inda hanci yake, don haka iska takan juya jirgin sannu a hankali har ya fuskance ta. A hali na biyu yana lissafin duk digirin da jirgi ya kauce, ya mayar da shi alƙiblarsa. Wanda ya zaɓi na biyu, wanda shi ne zaɓin kusan kowa a yau, haramun ne gare shi ya taɓa maɓallan gyaran tsakiya na rimot, ko ya bar tsohon haɗin nan da ke ƙara wa wutsiya kusurwa idan an ƙara wuta, domin jairo zai ɗauki kowanne a matsayin umarni na juyawa, jirgi ya riƙa sulalewa gefe ba a san dalili ba. Kuma idan an jona batir a bar jirgin ya natsu na 'yan daƙiƙoƙi, kada a taɓa shi, har jairo ya gane mene ne tsayuwa. Abu na ƙarshe shi ne kaifin jinsa. Ana farawa da matsakaici, a ɗaga jirgi zuwa tsayin ƙugu ko ƙirji, nesa da mutane, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har wutsiya ta fara karkarwa da sauri, sa'an nan a rage har ta daina. Karkarwa mai sauri alamar kaifi ya yi yawa ce. Lilo mai nauyi a hankali kuwa, mafi yawa ba laifin jairo ba ne, cijewar ƙarfe ce ko raunin sarbo, kuma wanda ya nemi maganinsa a cikin rimot zai daɗe yana nema.

Duk abin da ya gabata, mutumin Barlin da mutumin Kano daidai suke a cikinsa. Inda Alsawra ta keɓanta shi ne iskarta. Hartum da Omdurman suna bisa tsayin kimanin mita 380 daga teku, kuma a watannin Mayu da Yuni zafin rana yakan wuce digiri 40, wani lokaci ya kai 45. Iska mai zafi sakayau take. Idan aka yi lissafi, iskar da ke digiri 45 a wannan tsayi ta fi wadda ake ƙira da ita, watau ta digiri 15 a bakin teku, rashin kauri da kimanin kashi 13 cikin ɗari. Wannan ragi yana cin wutsiya ta fuska biyu, domin babbar farfela tana bukatar ƙarin kusurwa kafin ta ɗaga nauyin da ta saba ɗagawa, ita kuma ƙaramar tana samun ƙarancin abin da za ta tura. Jirgin da aka daidaita da sanyin asuba a watan Janairu yana iya sakin wutsiya da azahar a watan Mayu idan aka hau da shi da ƙarfi. Maganin shi ne a ɗan ƙara gudun farfela, ko a sa fukafukan wutsiya masu ɗan tsawo idan ba za su taɓa ƙasa ko manyan fukafukai ba, ko kuma, wanda ya fi sauƙi, a yi tashi da safe ko bayan la'asar, abin da batir ma ya fi so.

Zafi yana da wata illa ga masu wutsiyar bel, watau wadda bel ne ke juya farfelarta. Bututun alminiyam yana miƙewa da zafi fiye da bel ɗin da ke cikinsa, saboda haka ɗaurin da aka yi a ɗaki mai sanyi yakan tsananta a rana, ya ci wuta, ya gajiyar da boris. Wanda aka yi a rana kuma yakan saki da sanyi har haƙora su yi tsalle. A duba shi a filin tashi, bayan jirgin ya ɗan zauna a inuwa ya ɗauki zafin wurin, abin da jairo ma yake bukata, don canjin zafi na farat ɗaya yana sa wasu su sulale. Bushewar iska kuma ta fi wannan haɗari. Bel mai gudu a cikin bututu yana tara wutar gogayya, kuma a ƙasa mai laima tana tsiyayewa da kanta, amma a rani irin na Omdurman taruwa take har ta yi tartsatsi, tartsatsin ya firgita jairo ko na'urar karɓar saƙo, wutsiya ta yi fizga ba gaira ba dalili. Ana magance wannan da 'yar waya da za ta haɗa bututun wutsiya da mazaunin moto, a kankare fentin wurin da za ta taɓa, a kuma shafa wa bel ɗin man silikon kaɗan.

Sai ƙura. Wanda ya ga habub ta taso kamar bango ta rufe gari ya san ba a tashi a ranar, amma ƙurar da ke kashe wutsiya ita ce ta kullum, wadda jirgin da kansa yake tayarwa duk lokacin da ya tashi ko ya sauka a fili. Littattafan Turai suna cewa a sa mai a sandar da zobe ke zamewa a kai. A nan, mai mai danƙo yana kama rairayi ya zama abin gogewa, ya cinye zoben cikin ɗan lokaci. Gara a goge sandar da ƙyalle bayan kowane tashi, a sa mai marar kauri ɗan kaɗan ko busasshe, a shimfiɗa tabarma ko faifan katako a tashi daga kansa. Wutsiya mai sanda da giya a rufe ta fi jure ƙura da wutar gogayya, amma haƙoranta sukan karye idan fiffike ya taɓa ƙasa, kayan gyara kuwa ba a kusa suke ba. Mai bel ta fi haƙuri da mai koyo, kuma ita nake ba shi shawara.

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne amfanin wannan wahala a zamanin da jirage masu farfela huɗu suka cika kasuwa? Su ba su da wutsiya, domin biyu suna juyawa dama, biyu hagu, murɗinsu ya soke juna, kuma kwamfutar cikinsu ce ke yin kusan komai. Tambayar tana da nauyi na musamman a Alsawra, inda tun da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 jirage marasa matuƙi suka zama abin tsoro, unguwar kuma ta karɓi dubban waɗanda suka gudo daga wasu sassa, ta ga musiba irin ta kasuwar Sabirin ran 1 ga Fabrairu 2025, inda luguden wuta ya kashe mutane fiye da 50. Allah Ya jiƙansu. A irin wannan hali, tayar da kowane abu sama kusa da Wadi Sayyidna ba tare da izinin hukuma bayyananne ba jefa kai ne da maƙwabta cikin halaka, kuma ba na halatta wa kowa shi.

Amma ilmin bai dogara ga tashi ba. Kusan duk abin da na ambata a kan tebur ake yinsa, moto a cire, kuma wanda ya iya shi ya riga ya taɓa ilmin giya da boris, da ma'aunin kusurwa, da yadda na'ura ke jin kuskure ta gyara kanta, wanda shi ne tushen sarrafa injinan masana'antu da famfunan ban ruwa na gonakin yankin Jazira. Wannan fanni ba baƙo ba ne a gidan Musulmi, domin 'ya'yan Musa bin Shakir sun rubuta a kan na'urori masu daidaita kansu a Bagadaza tun ƙarni na 9, Aljazari kuma ya kammala littafinsa na hikimomin injina a 1206. A Kano ma, a 2007, wani ɗalibin fiziya na Jami'ar Bayero ya haɗa helikwafta da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarfe, har ya ɗaga shi 'yan ƙafafu daga ƙasa. Jirgi mai farfela huɗu yana ɓoye wa mai shi dukan wannan a cikin akwatin da ba a buɗewa, mai wutsiya kuwa yana tilasta masa ya fahimta. Ɗalibin Jami'ar Karari ko na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan da ke da irin wannan jirgi a ajiye, ya cire batirinsa ya adana shi da rabin caji a wuri mafi sanyi a gidan, ya sassauta bel, ya rufe wutsiyar da ƙyalle saboda ƙura, ya ci gaba da koyon tuƙi a manhajar kwaikwayo ta kwamfuta duk lokacin da aka sami wuta, har hukuma ta buɗe fili.